Kada Ki Tura Musu Ko Kwabo

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar ma ta yi sauƙi, har ina zuwa islamiyya da kaina.

Saƙonki ya iso. Da gangan na ƙi amsa miki ta waya, don maganar ta fi ƙarfin hirar tsaye. Kin ce wata mujalla ta turo miki imel, ta kira ki fitacciyar masaniya, ta yi alkawarin buga maƙalarki cikin mako guda in kin biya da dala. Kin ce lokacin miƙa takardun ƙarin girma ya ƙarato kuma maƙalunki ba su cika ba. Sannan a ƙarshe, kamar mai jin nauyi, kika ƙara da cewa wani babba a sashenku yana son a sa sunansa a aikin da ko karanta shi bai yi ba. Ke kina ganin tambayoyi biyu ne, ni kuwa a wurina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amsar ta farkon gajeriya ce: kada ki tura musu ko kwabo.

Kin san aikin laburare na yi har na ajiye, kuma mujallu su ne abin da na fi shafawa da hannuna. Mujallar kirki idan ta karɓi maƙala, edita zai duba, ya tura wa masana biyu ko uku na fannin, mutanen da suke da nasu ɗaliban da nasu gwaje-gwajen, kuma galibi ba a biyansu komai a kan wannan tantancewa. Su karanta, su yi gyara, su dawo da ita, ke ki gyara, a sake mayar musu. Wannan zirga-zirga watanni take ci. Duk wanda ya ce miki zai gama ta cikin kwana bakwai, ya gaya miki da bakinsa cewa ba wanda zai karanta aikinki. Kuɗinki yake so, shafin intanet ɗin kuwa ba ya cin masa komai.

An gwada su, an gani. A shekarar 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wai wani sinadari da ake samu a jikin wani irin gansakuka yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Ya cika ta da kurakuran da ɗalibin aji biyu zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne sunayen da ya zaɓa: ya ƙirƙiri marubuta masu sunayen Afirka da cibiyoyin bincike da babu su, ɗaya wai a Asmara, saboda ya san in an nemi mai irin wannan suna a intanet ba a same shi ba, ba wanda zai yi mamaki. Dabara ce ta aikinsa, na sani, amma ta nuna yadda ake kallonmu. Kuma cikin waɗanda suka faɗa tarkon har da mujallun da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni irin su Elsevier da Sage.

Kafin wannan, wani ma'aikacin laburare irina, Jeffrey Beall na Jami'ar Colorado da ke Denba a Amurka, ya riga ya fara tara sunayen mujallun bogi da masu buga su yana bajewa a fili, har zuwa watan Janairun 2017 da ya sauke jerin. Ɗaya daga cikin waɗanda ya fi nunawa da yatsa shi ne kamfanin OMICS na birnin Haidarabad a Indiya, wanda a 2019 wata kotun Amurka ta ci shi tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta: ana sa sunayen masana a matsayin editoci ba da saninsu ba, ana ɓoye maganar kuɗi sai an karɓi maƙala. Jerin Beall ya yi amfani, sai dai mutum ɗaya ne alƙali, kuma an yi ƙorafin cewa bulalarsa ta fi sauka a kan ƙananan mawallafa na ƙasashe matalauta, har da waɗanda rashin ƙwarewa ne matsalarsu, ba zamba ba. Ina ganin ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Wani nazari da Cenyu Shen da Bo-Christer Björk suka fitar a 2015 ya kiyasta cewa maƙalun da ke fitowa a irin waɗannan mujallu sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014. Da suka duba ƙasashen marubutan, Indiya ce kan gaba, Najeriya kuma tana da wajen kashi 8 cikin ɗari. Ki auna wannan da ɗan rabon da muke da shi a binciken duniya baki ɗaya, za ki ga ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Amma ba zan zauna in ɗora wa lakcarori laifin duka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An ce wa mutum ba zai matsa daga matakinsa ba sai ya kawo maƙalu kaza, wasu lallai a mujallun "ƙasa da ƙasa". Ba a ba shi kuɗin bincike ba, ko kuma sai ya yi ta jiran asusun TETFund. Ɗakin gwajin ba wuta, sinadaran sun lalace, ajin da yake koyarwa ɗaruruwan ɗalibai ne, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas cur. Ranar tantancewa kuma kwamiti ya zauna yana ƙirga takardu yana ba da maki, ba tare da an buɗe ko ɗaya an karanta ba. To wanda ya san ƙirgawa za a yi, me zai sa ya kashe shekara biyu a kan maƙala guda? Masu mujallun bogi ba su ƙirƙiro wannan yunwa ba, tarar da ita suka yi suka kafa rumfa a bakinta. Ko a Afirka ta Kudu, inda gwamnati ke biyan jami'o'i kuɗi a kan kowace maƙala da ta fito a mujallar da aka amince da ita, Johann Mouton da Astrid Valentine na Jami'ar Stellenbosch sun gano a 2017 cewa sama da maƙalu 4,000 na 'yan ƙasar sun fito a mujallun da ake tuhuma cikin shekara goma. Duk inda aka sa lada a kan adadi, abin da ake girba ke nan.

Kada kuma ki ɗauka manyan gidajen buga mujallu na Turai da Amurka waliyyai ne. Ki dubi labarin Hindawi. A Alƙahira aka kafa shi a 1997, ya yi suna, har a gwajin Bohannon ma mujallunsa sun ƙi karɓar maƙalar ƙaryar. A 2021 kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 298. Ba a jima ba sai ta bayyana cewa 'yan kasuwar maƙalu sun yi masa ƙawanya. Waɗannan wasu kamfanoni ne na ɓoye da ke ƙera maƙala tun daga take har zuwa jadawali, sannan su sayar da gurbin suna: na farko kuɗinsa daban, na uku kuɗinsa daban. Ta ƙofar fitowa ta musamman suka shiga, inda ake ba baƙon edita wuƙa da nama, shi kuma ya kawo masu tantancewa na bogi. A shekarar 2023 kaɗai Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000, abin da ya sa jimillar maƙalun da aka janye a duniya a shekarar ta haura 10,000 a karon farko. Wiley ya binne sunan Hindawi, a 2024 kuma ya rufe mujallu 19. Da yawa daga cikin waɗannan mujallu a lokacin suna cikin manyan kundayen da kwamitocinmu ke rantsuwa da su. Don haka ganin sunan mujalla a Scopus alama ce mai kyau, amma bai ɗauke miki duba ta da idonki ba.

Sai maganar kuɗi. Da can mai karatu ne ke biya, laburarorinmu kuwa ba su da halin sayen mujallun, sai abin da muka samu ta shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002. Da aka ce a buɗe ilimi kowa ya karanta kyauta, mun yi murna. Sai aka juya lissafin ya koma kan marubuci. Mujallar Nature ta sanar cewa daga 2021 wanda ke son maƙalarsa ta fito a buɗe zai biya yuro 9,500. Ki juya shi zuwa naira ki kwatanta da albashinki na shekara. Da an hana mu karantawa, yanzu ana nema a hana mu rubutawa, alhali wasu manyan kamfanonin suna cin ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari a kan aikin da masana suka rubuta kyauta suka tantance kyauta. Wannan a ganina zalunci ne, ko da an yi shi cikin kwat da nakatai. Sai dai ki sani yawancin mujallu masu daraja har yanzu suna da hanyar bugawa ba tare da biya ba, wasu kuma suna yafewa ko su rage wa 'yan ƙasashe irin namu in an roƙa. Ki roƙa, ba abin kunya ba ne.

Kuma kada ki rena na gida. Dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, na Najeriya suna da yawa a ciki. Akwai raunana, akwai kuma waɗanda editocinsu za su wahalar da ke da gyara har ki ji haushi, su ne nagarin. Binciken da kike yi a kan ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan rijiyoyin unguwanni, likitan da ke kusa da ke da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ne suka fi buƙatarsa. Ba kowane aiki ne sai ya tsallaka teku zai yi daraja ba. Kafin ki aika wa kowace mujalla, ki duba ko tana cikin kundin DOAJ, ki karanta maƙalu uku daga fitowarta ta baya-bayan nan, ki nemi mutum biyu daga cikin editocin ki ga ko da gaske suna jami'o'in da aka ce, ki kuma dubi ranar karɓa da ranar amincewa da ake rubutawa a ƙasan maƙala. Aikin yamma ɗaya ne.

To, mu zo kan babban naku.

Sa suna a kan maƙala shaida ce. Ma'anarta: na ga yadda aka yi wannan aiki, na tsaya a kansa, in ya rushe a tambaye ni. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kuma dole su haɗu duka: mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa na ilimi, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Zama shugaban sashe ba ya ciki. Ba da aron na'ura ba ya ciki, wurinsa sashen godiya. Abin da ya zama ruwan dare a wurinmu kuwa adashen suna ne: mutum biyar su haɗu, kowa ya rubuta ɗaya ya zuba sunayen sauran, ƙarshen shekara kowa ya kwashi biyar. Ranar da aka gano ƙarya a guda ɗaya, duka biyar ɗin ne za su sha tambaya, kuma "ban karanta ba" ba ta fitar da kowa.

Ga misalin da ya isa. A watan Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, mujallar Lancet ta buga maƙala da ke cewa maganin hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, yana ƙara yawan mace-macen masu cutar. An ce an samo bayanan majinyata kimanin 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna Surgisphere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin da take yi na maganin. Masu bincike a ƙasashe daban-daban suka fara ƙirga, suka ga alƙaluman ba su haɗuwa: na Ostareliya sun fi abin da ƙasar ta sanar, na Afirka kuma sun yi cikar da asibitocinmu ba su da na'urorin da za su tara su. Da aka nemi ganin ainihin bayanan, kamfanin ya ƙi. Cikin mako biyu aka janye maƙalar. Jagoran marubutan farfesa ne a Harvard, kuma shi da abokansa biyu dole suka fito suka ce ba za su iya tsayawa a kan ingancin bayanan ba. Sun sa suna a kan abin da ba su tabbatar ba. Haka Marc Tessier-Lavigne, shugaban Jami'ar Stanford, ya sauka daga kujerarsa a 2023. Kwamitin bincike bai same shi da ƙirƙirar ƙarya da hannunsa ba, abin da aka samu shi ne an murɗa hotuna a maƙalun da ke ɗauke da sunansa kuma bai tashi tsaye ya gyara ba. Wanda ya tono maganar ɗalibi ne ɗan aji ɗaya a jaridar ɗaliban jami'ar.

Mu kuwa bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na binciken maruwaita, wane ya ji daga wane, sun haɗu ko ba su haɗu ba, kuma wanda aka kama da ƙirƙira sau ɗaya ruwayarsa duka ta faɗi. A kan wannan tarbiyya mahaifinki da ni muka taso a zauren Malam.

Ba cewa nake ki je ki yi masa tsaye a ofis ba. Ke ƙarama ce, shi zai zauna a kwamitin da zai duba takardunki, kuma ni ba zan tura ki yaƙin da ba ni zan sha dukansa ba. Ki buga maƙalar a takarda, ki kai masa da ladabi, ki ce: "Ranka ya daɗe, ina so ka duba mini nazarin alƙaluman nan da tattaunawar, don sunanka ya shiga da hujja." In ya zauna ya yi aikin, ya ci halaliyarsa, ke ma kin ƙaru. In ya ajiye ta wata biyu bai buɗe ba, ki tuna masa cewa mujallar tana neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, kuma gaskiya ne, da yawansu yanzu suna nema. Sau da yawa wannan kaɗai kan sa mutum ya janye da kansa ba tare da an ɓata ba. Daga yanzu kuma, duk aikin da za ki fara da wani, ku yanke maganar sunaye da jerinsu tun ranar farko, a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. In Allah ya kai ki matsayin duba ɗalibai, ki tuna yadda kika ji yau.

Akwai dalilin da ya sa nake zafi a kan wannan, kuma kin san shi ko da kina ƙarama lokacin. A 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa ya kashe dubban mutane. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara: su 200 ne a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa sun ce ba su san gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sannan ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma asarar da ta fi kuɗin girma ita ce ta yarda. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta fita daga ƙangin ƙwayar shan inna ta daji. Takarda guda mai kwanan watan ƙarya tana cikin wannan tarihi. Saboda haka duk binciken da zai taɓa ɗan Adam, ko da cokalin jini ne ko 'yar tambaya, ki karɓi izinin kwamitin ɗa'a kafin ki fara, kamar yadda ƙa'idar ƙasa ta 2007 ta tanada, ki kuma yi wa mutane bayani da harshen da suke ji.

Sauran 'yan abubuwa in taƙaita. Littafin ɗakin gwajinki ki riƙe shi kamar takardar gida, da kwanan wata, da biro, har da gwajin da bai yi ba. Hotunan asali ki adana su a wuri biyu, kada ki goge ko ɗigo don su yi kyau. Akwai wata Baturiyar Holan, Elisabeth Bik, masaniyar ƙananan halittu irinki, da ta bi maƙalu sama da 20,000 da ido, a 2016 ta nuna kusan kashi 4 cikin ɗari suna da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu ga manhajoji na yin wannan aiki, kuma ana komawa kan maƙalun da suka shekara ashirin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. ChatGPT da ire-irensa kuwa, ki yi amfani da su wajen gyaran Turanci in mujallar ta yarda, ki kuma faɗa cewa kin yi. Kada ki bari su kawo miki manazarta, don suna ƙirƙiro sunan maƙala da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya.

Gyaran gaskiya dai yana hannun manya. Tun 2012 wasu masana suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, mai cewa a daina auna mutum da sunan mujalla ko makinta, a auna shi da abin da ya gano. Sin, wadda jami'o'inta suka daɗe suna biyan tsabar kuɗi a kan kowace maƙala, ta hana hakan a 2020 bayan ta ga abin da ya haifar. Da ni ake tambaya, da na ce kowane mai neman ƙarin girma ya kawo maƙalu uku da ya fi alfahari da su, a ba masana na waje su karanta, a kira shi ya kare su baki da baki. Rabin rumfunan bogi za su tashi a shekara guda. Amma wannan sai majalisun jami'o'i da hukumar NUC sun so, ke kuma takardunki bana ake nema.

Don haka in maƙalun ba su cika ba bana, ki bari sai baɗi. Na san da ciwo ki ga sa'o'inki sun wuce ki, kuma na san kuɗin da ke tsakanin matakan biyu ba ƙarami ba ne a gidan da ake biyan kuɗin makarantar yara uku. In ta matse, ki faɗa mini, 'yar fanshon tana nan. Ki turo mini daftarin maƙalar tare da sunayen mujallu uku da kike tunani, zan zauna in duba su in gaya miki wadda za ki fara aika wa.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara. Ki ce wa Ummi ina nan ina jiran sakamakon jarrabawarta. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Taki,
Gwaggo